Ƙafafun Yaya da Ruwan Kan Dutse

Zan faɗi abin yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yaya. Kakanmu ne ya taso daga Zariya da allura da almakashi ya zauna a Jalingo. Mahaifinmu ya gaji ɗinki a wurinsa, Yaya kuma ya gaji mahaifinmu. Ni ban gaji kowa ba. Na gama firamare, na taɓa sakandare shekara biyu, sannan na samu aikin sito a wata ma'aikatar gwamnati, inda na zauna har na yi ritaya. Abin da sito ya koya mini shi ne kowane kaya da wurinsa, kowane aiki da lokacinsa, kuma in an ba ka doka ka bi ta yadda take. Saboda wannan hali Yaya ya laƙaba mini Sajan tun muna samari, ko da yake ban taɓa sa kaki ba. Matarsa ma da ta zo gidan ta tarar da sunan, ta ɗauka.

Shagon Yaya yana unguwar Turaki, ɗan ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, keken ɗinkinsa na ƙafa a bakin ƙofar saboda haske. An sha ba shi shawara ya sayi na lantarki, ya ce ba zai ɗaura cikinsa ga wutar da ke zuwa ran da ta ga dama ba. Fiye da shekara arba'in yana taka keken nan. Da ƙafafunsa yake ci, da su matarsa take ci, da su kuma 'ya'yansa mata biyu da suka rage a gida suke zuwa makaranta.

Ciwon suga ya kama shi, aka ɗora shi kan magani, ya yi shekaru yana sha yana tsallakewa. Daga baya abin ya sauka a ƙafa. Ya ce mini ji yake kamar ya sa safa uku, ko kamar yana taka auduga. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai san inda ɗayan ya fice ba, ya mai da abin wasa, ya ce sadaka ya yi da shi. A shago kuma ba wasa ba ne. Ƙafar takan zame daga matakin keken bai sani ba, sai ya ga allura ta tsaya. Ɗinki ya fara karkacewa. Masu kawo aiki ba su ce masa komai ba, sun dai fara wucewa ta ɗaya gefen titi. A asibiti aka ce masa jijiyoyin ne suka mutu, kuma ba kasafai suke farfaɗowa ba.

Akwai wani Bafulatani dillalin shanu da Yaya ke yi wa ɗinki, mai yawan tsallakawa Kamaru. Shi ne ya kawo labarin ruwan. Ya ce akwai wani gari a kan duwatsu, can bayan Ngaundere, inda ruwan zafi ke fitowa daga cikin dutse ba wuta ba itace, kuma an kai kawunsa wurin a goye, ya dawo da ƙafarsa. Ya ce daga Ngaundere jirgin ƙasa ake hawa.

Ran da Yaya ya kira ni ya gaya mini, na ce masa a'a. Na ce na farko hanya da nisa, na biyu ba ƙasarmu ba ce, na uku ba mu ga kawun nan da idonmu ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Sajan, ka taɓa shiga jirgin ƙasa?"

"Ka san ban taɓa ba."

"To ni ma. Baba ya mutu yana ba mu labarin jirgin Zariya, ga mu mun tsufa a garin da ko layin dogo babu. In ruwan bai yi ba, ai mun ga jirgi."

"Ba wasa za mu je yi ba, Yaya."

"Kai dai ka je aiki, ni in je wasa. Mota ɗaya za ta kai mu."

Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Ya ce Sallah na tafe, kuma bana ko riga goma ba a kawo masa ba. Ya ce in shekara ta zagayo a haka, rufe shagon zai yi. Wannan ne ya sa na yarda, da sharaɗin ni zan tsara tafiyar kuma abin da na ce shi za a yi. Ya ce ai dama tun yana goya ni nake ba shi umarni.

Na nemo mana takardun tsallake iyaka. Matarsa ta haɗa mana soyayyen nama da dakakken yaji da ƙuli-ƙuli, ta ƙulle magungunansa a leda ta ba ni a hannuna, ta ce, "Sajan, kai na ba, don shi in ya ga zuma mantawa yake da Allah ya halicci likita." Muka tashi daga Jalingo, muka bi ta Numan, muka kwana a Yola. Washegari muka tsallaka iyaka zuwa Garwa. Rana ta uku mota ta yi ta hawa da mu har kunnuwana suka toshe, muka isa Ngaundere da la'asar. Ba ma jin Faransanci, amma Fulatancin da muka tashi muna ji a Jalingo ya ishe mu tambayar hanya.

Jirgin da muka samu na safe ne, mai tsayawa a kowane ƙauye. Na karɓo tikiti, na duba lambar tarago da ta kujera, na ta da wani mutum da ya zauna a wurinmu. Na ba Yaya bakin taga. Da jirgin ya yi kuka ya girgiza ya fara ja, sai Yaya ya kama hannuna, abin da bai yi ba tun muna yara.

Ni ba mai yabon wuri ba ne, amma ƙasar nan tana da kyau. Ciyawa shar har iyakar gani, shanu jajaye a cikinta, da tuddai masu kai a daidaice kamar an kifa akushi. A wani wuri jirgin ya bi gefen kwari ya hau gada, na leƙa na ga ruwa can ƙasa kamar zare, na janye kaina. A wani wurin muka hango tafki a kan tudu, zagayayye, ruwansa ba ya motsi. Wani malamin makaranta da ke zaune gabanmu ya ce waɗannan tuddai duk bakunan wuta ne a zamanin da, dutse ke narkewa yana malala, kuma har yanzu akwai sauran zafin a ƙarƙashin ƙasa, shi ke dafa ruwan da za mu. Yaya ya ce to ashe girki aka bari a kan murhu aka manta.

A kowace tasha mata sukan taso da ayaba da piya da zuma a kwalba suna miƙowa ta taga. Yaya ya miƙa hannu zai karɓi zuma, na mai da hannun.

"Ko ɗanɗanawa, Sajan?"

"A'a."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ba ka aikin sito."

Can ya kasa kunne yana sauraron ƙarar ƙafafun jirgin a kan dogo. Ya ce, "Ji. Keke ne babba. Akwai wani tela a gaba yana takawa." Na duba ƙasa na ga yana motsa ƙafafunsa biyu daidai da ƙarar, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu. Shi bai san yana yi ba.

Da azahar muka sauka a wata ƙaramar tasha, muka hau tsohuwar akori-kura da ta hau da mu dutsen. Garin ƙarami ne, gidaje da kwano mai tsatsa, ganuwar gonaki duk da baƙin dutse mai huji-huji kamar soson wanka. Akwai sanyi, akwai kuma wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda bayan kwana ɗaya hanci ke daina ji. Muka samu ɗaki a gidan da ake saukar da baƙi, kusa da masallaci.

Ruwan yana bayan gari. Daga wata tsaga a jikin dutse yake fitowa, ya gangaro ta gurabe biyar, kowane gurbi ƙasa da na bayansa, kamar matakala. Na ƙasa ya fi faɗi, yara ma wasa suke yi a ciki. Na can sama, wato idon ruwan, a nan ake dafa ƙwai a cikin 'yar jakar saƙa. Mai kula da wurin wani tsoho ne dogo mai hula ja, wanda ya ce ya gaji aikin daga ubansa. Yana jin Hausar kasuwa. Na ce ya gaya mini dokokin wurin, kuma a hankali, don zan rubuta.

Ya ce, "Ruwa biyar ne. Ka fara na ƙasa. Ƙafa bai ji zafi ba, ka hau na gaba. Inda zafi ya cije ka, nan ne naka, nan ka zauna har kwana uku ya cika. Mai rakiya kuma ba ya taɓa ruwa, ko da yatsa ɗaya. In ya taɓa, shi ya kwashe magani, mara lafiya ya koma gida hannu wofi."

Na ce, "Minti nawa ake zama?"

Ya yi dariya. "Ƙafa ne zai gaya maka."

Amsar ba ta gamshe ni ba, na sake tambaya. Ya ce to, kamar a dafa shayi a sha. Na yanke kwata ɗin awa, na rubuta a bayan tikitin jirgi tare da sauran.

Rana ta farko Yaya ya naɗe wando ya zauna a gurbi na ɗaya. Na duba agogo. Da lokaci ya cika na tambaye shi ko ya ji zafi, ya ce ko kaɗan. Muka hau na biyu, inda yawancin mutane suke, tsofaffi masu ciwon gwiwa da wata mata mai kumburin sawu. Nan ma bai ji ba. Kafin mu tashi ya riga ya san sunan kowa, ya auna wani tsoho da ido ya gaya masa wandonsa ya yi masa gajere da inci biyu. Ni ina tsaye a gefe hannuwana a baya, don kada in yi kuskure in taɓa ruwan.

Rana ta biyu muka hau na uku. Mutum biyu kawai muka tarar a wurin, su ma tsoma ƙafa suke yi su fizge suna hura baki. Yaya ya zura nasa ya zauna kwata ɗin awa cur yana ba su labarin Jalingo. Mutane suka taru suna kallo. Tsohon mai kula da ruwan ya wuce ta wurin da bokiti, ya tsaya, ya girgiza kai ya ce mutanen Najeriya akwai ƙarfin hali, ya wuce. Da yamma na ga ƙafafun sun yi ja har idon sawu. Na ce jini ne ya fara dawowa. Yaya ya ce shi ma yana jin wani abu kamar tururuwa na tafiya a ƙaurinsa. Muka hau wani dutse inda waya ke kamawa, ya kira matarsa ya ce ta sa a goge keke a zuba masa mai.

Rana ta uku ranar kasuwa ce a garin da ke gindin dutsen. Tsohon ya sauka tun da safe, yawancin mutane ma sun tafi. Hazo ya rufe wurin, kowane gurbi yana tururi iri ɗaya, ba a bambance mai zafi da mai ɗumi da ido. Na ciro tikitin na karanta.

"Yaya, jiya zafi ya cije ka?"

"Bai cije ni ba."

"To doka ta ce a hau na gaba."

Ya ɗaga kai ya dubi gurbi na huɗu. Ya ce, "Sajan, tun da muka zo ban ga kowa a can ba."

"Don ba wanda ciwonsa ya kai naka."

"Mu jira tsohon ya dawo mana."

Na ce tsohon sai yamma, kuma gobe da safe za mu sauka mu tari jirgi, in muka jira kwana ukun ba za su cika daidai ba. Na ce ba mu yi tafiyar kwana huɗu don mu tsaya a rabi ba. Ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya dafa kafaɗata muka hau.

Akwai abubuwa biyu da na gani a wurin, kuma zan faɗe su. A gurabe uku na ƙasa akwai duwatsun zama da suka yi santsi saboda yawan zama. A na huɗu babu ko ɗaya, ni na mirgino dutse na ajiye masa. Sannan a bakin gurbin akwai gashin kaji birjik, jiƙaƙƙe. Na share shi da takalmina, ina cewa a raina mutanen nan ba su da tsabta.

Yaya ya yi bisimilla ya zura ƙafar dama har tsakiyar ƙauri. Ta hagu kuma, saboda dutsen da na kawo ya karkace, yatsun ne da rabin tafin suka shiga. Na duba agogo. Ya ce bai ji komai ba, sai dai tururin yana sa shi gumi. Ya fara lissafa mini mutanen da zai aika wa su kawo ɗinkin Sallah, da waɗanda zai ƙi karɓar nasu don su ɗanɗana.

Muna haka wata mata ta hauro da kaji biyu yankakku a cikin roba. Ta tsaya tana kallonmu. Ta ajiye robar a hankali, ta ce wani abu da Fulatanci, cewa a nan ake fige kaji. Na ji abin da ta ce sarai. Na ɗaga mata hannu na ce ta ɗan jira, saura minti huɗu.

Ba ta sake yi mini magana ba. Ta zagaya ta bayan Yaya, ta sa hannu ƙarƙashin gwiwoyinsa ta ɗaga ƙafafun waje.

Ta daman ta yi fari fat daga yatsu zuwa inda ruwan ya tsaya, akwai layi kamar an ja da alli. Fatar ta yi yaushi, a dunduniya ta fara saɓulewa. Yaya ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sajan, wannan tawa ce?" Na durƙusa na sa yatsa ɗaya a ruwan, karo na farko tun zuwanmu. Ban iya barin shi ya kai ƙidaya biyu ba.

Matar ta kira maza biyu suka ɗauke shi zuwa ɗan ɗakin shan magani na garin. Ma'aikacin wurin ya zuba ruwan sanyi, ya shafa magani, ya naɗe, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu nemi babban asibiti. Kafin la'asar ƙafar ta kumbura ta yi bororo. Yaya na kwance yana cewa ba ya jin ciwo, kamar wannan abin kwantar da hankali ne.

Tsohon ya dawo daga kasuwa ya zo ɗakinmu. Ya zauna a bakin ƙofa ya cire hularsa. Na nuna masa tikitin, na karanta masa abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Bai musa ba. Ya ce haka ubansa ya gaya masa, haka yake gaya wa kowa, kuma tun yana yaro bai taɓa ganin wanda ya wuce na uku ba, don ƙafa da kanta take hana mai ita. Ya ce bai san akwai ƙafar da ba ta magana ba. Ni kuwa na sani. Ni aka gaya wa labarin safa uku, ni na ga an dawo daga masallaci da takalmi ɗaya.

Washegari aka sauko da shi a akori-kura, aka ɗora shi a jirgi. Na sake samar masa bakin taga. Zazzaɓi ya riga ya kama shi, ya jingina kai da gilashi idonsa a rufe. Tuddan suna nan, tafkin yana nan, matan zuma suka miƙo kwalabe. Na saya masa ɗaya na ajiye a cinyarsa, bai taɓa ta ba. A asibitin Ngaundere aka sake wanke ƙafar aka ce a kwantar da shi, ya ƙi. Ya ce in yanka shi za a yi, a yanka shi a gida inda za a san wanda aka yanka. Da na matsa masa ya ce, "Ka ba da umarni ya isa haka." Na je na nemo mota. Muka yi kwana uku a hanya. Daga Yola zuwa Jalingo fasinjojin motar suna ta toshe hanci da gyale.

A asibitin Jalingo likita ya kwance ƙafar, ya tambayi tsawon lokacin da ta yi a ruwan. Na ce minti goma sha ɗaya. Ya ce yaya aka yi na sani daidai haka. Na ce ni ke riƙe da agogo. Ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Suka yi ƙoƙari mako uku, suna wankewa suna yanke abin da ya mutu, amma ƙafar mai suga ba ta haɗewa da wuri, kuma wannan ta dahu har ciki. Aka yanke ta daman ƙasa da gwiwa. A ta hagu aka cire yatsu biyu.

Yaya ya gaya wa matarsa cewa shi ya nace sai ya hau gurbin, ni na hana shi ya ƙi ji. Ranar da na ji yana maimaita wa 'yan dubiya haka, na jira suka fita, na gaya mata gaskiya a gabansa, duk da gashin kajin da maganar minti huɗu. Ya ɗago daga filo ya ce, "Wa ya tambaye ka? Kai ba ka iya barin mutum ya yi maka alheri ba?" Ita kuwa ta ci gaba da ninke zanen gado. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba har yau. Tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa, amma Malam take ce mini yanzu.

Bayan an sallame shi muka gwada wata dabara. Aka kai shi shago, ya zauna gaban keken yana riƙe yadi, ni na zauna a gefe kan kujera 'yar tsugune ina taka masa. Bai yi ba. Tela yana rage gudu a kwana, ya ƙara a miƙe, ƙafarsa da hannunsa tare suke tunani. Ni kuwa gudu ɗaya nake yi. Yana cewa tsaya, kafin in tsaya allura ta wuce. Muka ɓata shaddar wani mutum a rana ta huɗu. Yaya ya zare zaren ya naɗe, ya ce a kira mai amalanke. Keken yana zauren gidansa yanzu a rufe da buhu. Shagon kuwa, wani mai cajin waya ne a ciki. Babbar 'yar ta bar makaranta tana aiki a wani kantin magani. Yaya kuma yana sa maɓalli da ƙananan gyare-gyare da hannu in an kawo, idon ma ya fara hazo.

Kullum bayan na karya nakan hau babur mai ƙafa uku daga unguwarmu Nukkai zuwa gidansa. Nakan auna masa suga, in ba shi magani, in haɗa ruwa in gwada shi da gwiwar hannuna kamar yadda nas ta nuna mini, in wanke ƙafar hagun, in busar da ita, in duba tsakanin yatsu ukun da suka rage, in duba tafin. Yakan ce ko amarya ba a yi mata wannan hidima. Wani lokaci nakan samu ya yi baƙi yana ba su labarin jirgi, yana kwaikwayon kukansa. In suka tambaya game da ruwan sai ya ce ruwa ne kamar kowane ruwa, ya koma kan jirgi.

Mako uku da suka wuce na ga ɗan tabo baƙi a dunduniyar, bai kai ƙwayar wake ba. Na wanke, na sa magani, na naɗe. Bai rufe ba. Jiya na ga ya yi rami, gefensa ya yi fari, kuma akwai warin da na sani. Na ɗauki hotonsa a waya na kai wa likita. Ya daɗe yana kallo, ya ce a kawo shi ran Litinin, kuma a zo da shirin kwana.

Yau da safe ina naɗe ƙafar na gaya masa. Da na gama ɗauri ya ce:

"Sajan, ka bar mini wannan. Guda ɗaya ce. Ina so a binne ni da abin da za a ce ƙafa."

"Likita ne zai faɗa, Yaya."

"To kada ka gaya mata tukuna. Bar ta ta yi Juma'a da hankalinta."

"Zan gaya mata."

"Na san za ka gaya mata," in ji shi, ya juya fuska ga bango.

Na zubar da ruwan, na wanke hannu, na yi sallama na shiga cikin gida. Tana zaune a tsakar gida tana tankaɗe. Na faɗa mata abin da na gani da abin da likita ya ce. Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni wace rana, na ce Litinin. Ta buga rariyar a gefen kwano sau biyu, ta ce to bari ta wanke tabarma da bargo tun yau, don su samu su bushe.